Yadda Na-riga-ka Ya Shuka Takalmi

A unguwarmu akwai wani bawan Allah mai raba wa shaguna burodi a kan babur, wanda ko 'ya'yan cikinsa sai sun yi tunani kafin su tuna sunansa na gaskiya. Kowa Na-riga-ka yake ce masa. Dalili kuwa, ba a taɓa fara magana a gabansa aka kai ƙarshenta ba. Ka ce masa, "Ka ji wai gadar nan...", sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ai na riga ka." Ranar da matarsa ta so yi masa albishir ɗin cikinta na fari, ko baki ba ta gama buɗewa ba ya ce ya riga ta sani.

Mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa, ya bar musu wani ɗan lambu a bayan unguwa, shi da yayarsa. A da lambun nan shi ke ciyar da gida biyu. Sai rijiyar da ake ban-ruwa da ita ta koma zartsi, ƙasar ta yi farin ɓawo kamar an barbaɗa mata gari. Duk abin da aka dasa, ganyen ya ƙone daga baki, ya sunkuya, ya mutu. Haka lambunan makwabta ma suka zama.

Wata safiya sai ga Yaya ta zo lambun da wani mai buga bulo, da igiyar awonsa rataye a kafaɗa.

Ta ce, "Ƙanena, na gaji da gadon gishiri. Ga wanda zai karɓi filin nan ya kafa injinsa."

Na-riga-ka ya dafe ƙirji. "Lambun Babanmu? Yaya, ina raye?"

"Kana raye ya mutu."

"Suma ya yi. Ba ni wannan kakar kawai. Tumatir ɗin da zan fitar a nan, sai mutum biyu sun kama ɗaya."

Mai-bulo ya yi dariya har hularsa ta karkace. Dariyar nan ce ta ƙona wa Na-riga-ka rai. Ya juya ga masu lambun da suka taru, ya ɗaga murya: "Ku zama shaida! In lambun nan bai yi tumatir bana ba, a ba shi filin, ni kuma in yi masa dakon bulo da kaina wannan, har damina ta faɗi!"

Wani tsoho mai lambu kusa da nasu, wanda kowa ke kira Baba, ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, baki shi ke yanka wuya."

"Na riga ka, Baba."

Yaya ta ce ta yarda, kaka ɗaya, ba ƙari.

Ana cikin haka Allah Ya kawo wata malamar gona, ta tara masu lambu a rumfar ƙungiyarsu. Ta ba kowa ɗan ƙullin baƙar ƙasa mai gutsattsarin saiwoyi a ciki.

Ta ce, "Wannan ba taki ba ne. Wata irin funfuna ce mai rai a ciki, wadda ke zama a jikin saiwa. Tana miƙa zaruruwa sirara cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, ta jawo wa shuka ruwa da abinci daga inda saiwa ba ta kaiwa. Ita ma shukar ta ciyar da ita. In suka haɗu, shuka takan fi jure gishiri. Amma ku saurara da kyau..."

"Na riga ki, Malama," in ji Na-riga-ka, ya miƙe yana kaɗe riga. "Funfuna dai kika ce ko?"

"Eh, amma ba kowace..."

"Shi ke nan, magana ta ƙare."

Baba ya kamo gefen rigarsa. "Zauna ka ji ƙarshen karatu mana."

"Baba, wanda ya san ƙarshe me zai yi da tsakiya?"

Ya cusa ƙullinsa ƙarƙashin kujerar babur, ya buga inji ya yi gaba. Bayan ƙurarsa ta lafa ne Malama ta faɗi sauran: a ajiye ƙullin a inuwa don zafi na kashe ta, a sa ɗan kaɗan a ramin kowane dashe yadda zai taɓa saiwa, kuma kada wani ya ɗauka irin funfunar da ke ɓata abinci ce, don ko dangi ba su haɗa ba.

Na-riga-ka ya shiga gida yana huci kamar wanda ya tsinci zinariya.

"Maman yara! Ashe shekara da shekaru dukiya nake zubarwa a bola!"

Matarsa na tsaka da wanki. Ta ce, "Wace dukiyar, Maigida?"

"Burodin da masu shago ke maido mini in ya yi kore! Funfuna ce fa maganin gishiri. Malama na rabon ta da cokali kamar maganin tari, alhali ni da funfuna mun daɗe muna hawa babur ɗaya."

Matar ta matse rigar da ke hannunta. "Ka tabbata irin ta burodi ta ce?"

"Funfuna funfuna ce. Kin taɓa jin funfuna da ƙabila?"

"Ko mutane ma ai akwai na kirki akwai na banza."

"Ke dai zuba ido. In cokali ɗaya na gyara shuka ɗaya, baro guda fa?"

Daga ranar ɗakinsu ya zama masana'anta. Ya jera tsohon burodi ƙarƙashin gado, ya yayyafa masa ruwa, ya rufe da bargon yara. Da ƙarƙashin gado ya cika, ya kwashe tufafin matarsa daga cikin kabad ya jera wani. Kullum da safe sai ya durƙusa ya ɗaga bargo ya leƙa, kamar mai duba jariri.

"Maman yara, zo ki ga wannan, har gashi ya fitar!"

"Allah Ya raya maka shi," in ji ta daga tsakar gida, inda ta riga ta mai da shimfiɗarta da ta yara.

Burodi bai ishe shi ba. Sai ya shiga zagaya unguwa a babur yana shela: "Mai funfuna ya fito da ita! Ina karɓa kyauta!"

Wayyo, abin nema ya samu. Mutanen unguwa suka buɗe ɗakunan ajiya da ba a buɗe ba tun zamanin kakanni. Aka fito da ruɓaɓɓen lemo, da jakunkunan makaranta, da sirdin keke, da takalma buhu-buhu. Tela, makwabcinsa na jikin katanga kuma abokin tsokanarsa tun ƙuruciya, ya jawo wata katifa da ruwan sama ya yi wa wanka damina biyu.

Ya ce, "Ga tawa gudunmawar. Kakata ta kwana a kanta, uwata ta kwana, ni ma na kwana. Yanzu kuma tumatir zai kwana."

"Yi dariyarka. Ranar girbi kada ka zo mini da kwano."

"Da kwano? Ai da mutum biyu zan zo, tunda ɗaya ba ya iya ɗauka."

Unguwarmu ba ta taɓa tsabta irin ta makon nan ba. Mai kwashe shara har ya zo ya yi masa godiya, ya ce ya huta.

Wari kuwa, ba a magana. Ƙuda ma in ya shigo gidan sai ya juya. Hular Na-riga-ka ta fara kore a gefe, masu shago suka koma karɓar burodi da hannu ɗaya, ɗayan a kan hanci. Yaya ta zo duba yara, ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta zauna, ta gaisa, ta miƙe, duk cikin numfashi ɗaya. Da ta fito sai ta tarar da takalmi ƙafa ɗaya.

"Ina ɗayan?"

Na-riga-ka, wanda ya wuce da baro a lokacin yana kwasar duk abin da ya gani a ƙasa, ya ce, "Karen makwabta ne, Yaya. Na riga ki lura da halinsa."

Haka baiwar Allah ta koma gida da aron silifas, tana tsine wa kare.

Ranar dashe, sauran masu lambu suka bi ramuka suna sa ɗan tsunkule na baƙar ƙasar nan. Shi kuwa Na-riga-ka ramuka ya haƙa masu zurfin ƙugu. Ya juye burodi, ya juye lemo, ya juye takalma. A tsakiyar lambun ya yi wani babban rami ya shimfiɗa katifar Tela, ya lulluɓe da 'yar ƙasa, ya ce nan ne hedikwata. Sannan ya dasa tumatir a sama.

Baba ya leƙo ta kan shinge. "Ɗan nan, shuka kake yi ko jana'iza?"

"Ilimi nake yi, Baba."

"To, ƙaramin sani ƙuƙumi ne."

"Na riga ka."

Kaji ne suka fara zuwa. Bayansu awaki. Da ƙamshin burodi ya ratsa ƙasa, sai ɓeraye da gafiyoyi suka yi ƙaura da iyalansu, suka haƙa hanyoyi a ƙarƙashin lambun. Ɓeraye suka jawo kyanwoyi, kyanwoyi suka jawo karnuka. Lambun ya zama kasuwa. Na-riga-ka ya kori akuya ta gabas, kaza ta shigo ta yamma. Ya jefi kaza, dutsen ya sami bokitin Baba.

Sai ya ce dabba kwarjini take tsoro. Ya kafa mutum-mutumi, ya sa masa babbar rigarsa ta fita kunya da hular nan mai kore. Mutane suka riƙa yi masa sallama in sun zo wucewa. Tela kuwa kullum da yamma sai ya zo ya tsaya gabansa yana ba shi labari.

Na-riga-ka ya ce, "Kai, lafiyarka ƙalau? Ga ni a nan, kana hira da kara?"

"Na fi jin daɗin hira da wannan. Yana barin mutum ya kai aya."

Kafin mako ya zagayo awaki suka cinye hannun rigar, dashen kuma ya bushe ƙurmus, wanda gishiri bai kashe ba ɓera ya yanke masa saiwa.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka je ka tambayi Malamar nan mana. Tambaya ba ta rage mutum."

"In tambaye ta abin da na riga ta? Gishirin ne ya yi taurin kai. Ke da kike girki, mene ne kishiyar gishiri?"

Ta bi inda idonsa ya nufa da kallo. Ya sungumi gwangwanin sukarin gidan, ya ƙara da na mai shayi, ya je ya barbaɗe lambu kaf, ya fi zubawa a kan hedikwata. Washegari cinnaku suka iso, runduna-runduna, suka tarar da ɓeraye, kowa ya kama unguwarsa.

Kwanci tashi, ranar da Malama ta sa za ta zagaya ta ga lambun kowa ta zo. Yaya ta aiko cewa ita ma tana tafe, da Mai-bulo da igiyarsa.

Da sassafe Na-riga-ka ya tsaya a lambu, ba ko ganye ɗaya. Da wani ne, da ya je ya ba yayarsa haƙuri. Shi kuwa kasuwa ya nufa, ya ciko akwatin burodi da jajayen tumatir. Ya tsaya ya sassaro rassan darbejiya masu ɗanyen ganye. Sannan ya ƙwanƙwasa shagon Tela.

"Ba ni aron koren zare."

Tela ya dube shi, ya dubi akwatin. Ya miƙa masa zare ya ce, "Allah Ya sa ba abin da nake zato ba ne. In kuwa shi ne, Allah Ya ba ni rai in gani."

Da hantsi jama'a suka taru. Aka fara da lambun Baba. Ba wani abin al'ajabi ba ne: ƙasar na nan da farinta, amma tumatir ɗin da aka sa wa ƙullin na tsaye kore shar, da 'ya'ya ƙanana suna nuna. Layin da Baba ya bari bai sa wa ba, don a gwada, ya yi rawaya ya takure. Malama ta yi murna, ta ce ai haka ake so, sannu sannu.

Na-riga-ka ya taɓe baki. "Waɗannan tumatir ne ko ƙwayar magani? Ku zo ku ga aikin manya."

Aka buɗe shinge. Ga rassa tsaye reras, kowanne ya yi lodi da jan tumatir, babu ɗanye ko ɗaya, duk girmansu ɗaya. Yaya ta riƙe haɓa. Mai-bulo ya sauke igiyarsa.

Malama ta matso, ta murza ganye, ta shinshina. "Malam, tunda nake aikin nan ban taɓa ganin tumatir a jikin darbejiya ba."

"Sabon iri ne. Funfunar ce ta yi ƙarfi har ta canja masa ganye."

"Wannan zaren fa?"

"Ba ke kika ce tana miƙa zaruruwa ba? To ga su. Funfunarki ido ba ya ganinta, tawa kuwa ta ƙoshi."

Tela ya ɗaga hannu daga baya. "Malama, funfunar nan a shagona ta yi karatu. In an gama a maido mini da ragowar, ina da wandon da zan ƙarasa."

Aka kwashe da dariya. Malama ta danne tata ta ce, "Bari dai mu ga saiwar." Ta kama wani reshe ta ja. Ya fito salin-alin, ba saiwa, sai dai ƙarshensa ya saƙalo wani abu da ya biyo shi yana zubar da ƙasa. Takalmin mata ne, ƙafar hagu.

Yaya ta matso a hankali. Ta karɓa, ta juya shi, ta kaɗe. Muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi ihu ban tsoro.

"Ƙanena. Ashe karen makwabta ma noma yake yi?"

"Yaya, ai na riga..."

"Wata da watanni ina tsine wa dabbar da ba ta ji ba ta gani ba!"

Na-riga-ka ya ga takalmin ya tashi sama, sai ya ja da baya. Ya ƙara ja. Ya ce, "Jama'a, ku tsaya in yi bayani. Ilimin ba a sama yake ba, a ƙasa yake. Ku dubi nan, hedikwata..." Ya buga ƙafa a tsakiyar lambun don ya nuna.

Katifar Tela dai ta riga ta ruɓe, gafiyoyi kuma sun rarake ƙarƙashinta. Ƙasa ta ce "ɓurum!" Na-riga-ka ya nutse har ƙirji. Gafiyoyi suka fito ta ko'ina, mata suka tattare zane suna salati, kyanwoyi suka diro daga shinge, karnuka suka biyo su, awaki suka ga ƙofa a buɗe suka afka wa tumatir ɗin kasuwa suna ci har da zare. A cikin ramin kuma cinnakun da aka yi wa kiwo da sukari suka tarar da baƙo a ɗakinsu.

"Wayyo! Ku ciro ni! Maman yara! Baba! Suna cikin wando!"

Baba ya tsuguna a bakin rami, ya tokare da sandarsa. "Ɗan nan, akwai wata dabarar fita daga rami irin wannan. Da farko..." Sai ya yi shiru.

"Da farko me, Baba? Ƙarasa!"

"A'a, na ɗauka ka riga ni."

"Ban riga ka ba! Wallahi ban riga kowa ba!"

Tela ya ɗaga hannu sama. "Jama'a, ku shaida, yau rana ta fito daga yamma!"

Da igiyar awon Mai-bulo aka jawo shi, yana tsalle yana marin cinyoyinsa, ɓawon lemo a kafaɗa, sirdin keke maƙale a ƙafa.

Malama ta share hawayen dariya ta ce, "Malam, ina ƙullin da na ba ka?"

Ya ɗaga kujerar babur. Ga shi nan inda ya cusa shi, ya sha zafin inji da na rana har ya koma kamar soyayyen gari. Ta girgiza kai ta ce wannan kam sai dai addu'a.

Yaya ta nuna wa Mai-bulo filin da takalminta. "Malam, auna. Alkawari ya cika."

Na-riga-ka ya daina tsalle. Ya dubi rijiyar da mahaifinsu ya haƙa da hannunsa. Matarsa ma ta sunkuyar da kai.

Mai-bulo ya shiga lambun yana taka ƙasa a hankali. Taku na farko ƙafarsa ta shige har idon sawu. Na biyu ya fito da jakar makaranta. Na uku wata gafiya ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya dawo bakin shinge da gudu.

"Hajiya, a nan zan kafa inji? Ai kafin azahar ƙasa ta haɗiye shi da ni gaba ɗaya. Filin nan ko kyauta aka ba ni, sai an haɗa mini da haƙuri. Na fasa."

Baba ya ce wa Yaya, "'Yata, tunda mai saye ya gudu, ki bar shi. Malama ta ce ƙasar gindin tumatir ɗina yanzu iri ce. Zan ɗiba wa matarsa, ita ta dasa, don ita tana jin magana har ƙarshe. Shi kuwa ya tone duk abin da ya binne, takalmi bayan takalmi."

Yaya ta yi ajiyar zuciya. "Na bar wa Maman yara. Amma in na ga ƙeyarsa kusa da dashen, da wannan takalmin zan yi masa bayani."

Matar ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah Ya saka da alheri, Yaya."

Na-riga-ka ya dubi Mai-bulo, ya dubi lambu, sai ga ƙirjinsa ya fara tasowa kamar burodin da ya sha yis. Ya gyara tsayuwa, ya kaɗe ɓawon lemo.

"Kun gani ko? Lambun Babanmu ya tsira ko bai tsira ba? Ku kuna zaton tumatir nake nema. Ni tun ranar farko..."

Jama'a suka haɗa baki gaba ɗaya: "Ka riga mu!"

Mai-bulo ya gama naɗe igiyarsa, ya dafa kafaɗarsa. "Gaskiya ne, dabararka ta yi. Filin dai na yafe. Amma kan nan da aka yi mini alkawari a gaban shaidu, shi ban ga rami a jikinsa ba. Gobe da safe ina jiransa, ka zo da gammo."